Daga Agege zuwa Jugu: yadda muka je aikin bishara a arewacin Benin

Tun farko ba Benin muka nufa ba, Maraɗi ce a takarda. Kwamitin bishara na cocinmu da ke Agege ya shirya tura matasa su taya wani mai bishara aiki a can, kuma dalilin zaɓen Nijar a fili yake: harshe ɗaya, tuwo ɗaya, ba mai neman tafinta. Sai sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka garƙame iyaka. Magana ta kwanta har wajen Oktoba, ranar da Baba Fasto ya sanar a sujadar Hausa cewa akwai wani ɗan'uwa, mutumin Filato, da ya daɗe a wani ƙauye kusa da Jugu, arewa maso yammacin Jamhuriyar Benin, kuma ya aiko da jerin mutanen da yake so.

Baba Fasto ya karanta jerin a gaban jama'a: nas ɗaya, malaman yara biyu, magini, mai haɗa sola, da wanda ke jin Faransanci. Ya juya takardar ya duba bayanta, ya ce shi ke nan. Ba mai wa'azi a ciki. Rabin matasan da suka rubuta suna lokacin maganar Maraɗi wa'azin suka yi wa shiri, wasu har sun ɗinka kwat.

Ni sola nake haɗawa. Ina aiki ƙarƙashin wani mai shago a kasuwar Alaba, asalina kuwa daga wajen Malumfashi ne. Cocinmu na ECWA ne, kuma sashen Hausa cike yake da irina, 'yan ci-rani da zama ya kama: masu gadi, direbobi, 'yan sanda da sojoji, ma'aikatan mayankar Oko-Oba, da 'yan acaɓan da dokar hana su aiki a wasu sassan Legas ta 2022 ta mayar 'yan buga-buga. Ba cocin masu kuɗi ba ne, kuma wannan ya shafi duk abin da ya biyo baya.

Matakin farko takarda ce da ake cikewa, da wasiƙar amincewar iyaye ga wanda bai yi aure ba, da shaidar cewa wurin aikinka sun sake ka. Maigidana ya ba ni hutu ba albashi, ya ɗora mini da naɗin waya guda da 'yan kawunan haɗa fanel, ya ce nasa baikon ke nan. Daga nan sai zama gaban kwamiti. Dattawa suna jere a ofishin Fasto, fanka tana kaɗa takardu. Wani dattijo, tsohon soja, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, in ka je can aka ce ko sau ɗaya ba za ka tsaya gaban jama'a ka buɗe baki ba, za ka je?"

Na ce, "Baba, ni dama waya na iya."

Aka yi dariya, aka ce in kira na gaba. Mu bakwai aka ɗauka, har da dattijon, shi ne jagora.

Takardun tafiya su ne suka fi cin rai. Mutane da yawa suna jin an ce ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza, sai su ɗauka ba ya buƙatar komai. Yarjejeniyar 1979 ta ba ka damar shiga ƙasar maƙwabta ka zauna har kwana 90 ba biza, amma da takardar da za a buga wa hatimi: a lokacinmu ko fasfo, ko ƙaramin littafin tafiye-tafiye na ECOWAS, wanda ya fi arha kuma a cikin ƙasashen ƙungiyar kaɗai yake aiki. Yawancinmu shi muka nema. Abin da zan ce wa mai shiri shi ne ya fara jera takardunsa a kan tebur, katin NIN, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma, ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a ko'ina. Ɗaya daga cikin malamanmu mata sunan mahaifinta ne a gaba a wata takarda, a wata kuma a baya, wannan kaɗai ya sa ta yi ta safa da marwa har dab da Kirsimeti.

Sai katin rigakafin ciwon shawara, ruwan ɗorawan nan. Ana biya ta intanet, ka buga rasit, ka je ofishin lafiya na mashigar ƙasa, akwai ɗaya a wajen filin jirgin sama na Ikeja, a yi maka allura a ba ka kati. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allurar, don haka ba abin da ake bari sai jajibirin tafiya ba ne. Daɗin abin, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, ba sai an sabunta ba. Za ka haɗu da masu raɗa maka cewa za su samo maka kati ba allura. Nas ɗinmu ta ce duk wanda ya yi haka ita ba za ta hau mota ɗaya da shi ba, domin sauro ba ya karanta kati. Takarda ta ƙarshe daga can ta zo: wasiƙar gayyata da Faransanci, da hatimin ikilisiyar da mai bisharar yake aiki tare da ita, ɗauke da sunayenmu da sunan ƙauyen. Kowa ya riƙe kwafi.

Kuɗi kuma wata duniya ce. Ƙa'idar kwamiti ita ce kowa ya nemi kuɗin takardunsa da na motarsa, coci kuma ta ɗauki kayan aiki da abinci. Aka yi baiko na musamman Lahadi bayan Lahadi. Na ga wani baba mai gadi ya kwance leda ya zaro naira 2,000 a nannaɗe, ya miƙa wa ma'aji yana ba da haƙuri wai ba yawa. Zumuntar Mata suka haɗa gari, yaji, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa da dambun nama. Amma duk abin da muka tara, naira tana zubar da shi ta ƙasa. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 take gangarawa. Dattijon namu ya ce a 2014 da ya je Kwatano, jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba. Mu a lokacinmu tana neman 2,000. Dabarar da ta cece mu ta ma'aji ce: duk ranar Litinin ya kwashi baikon jiya ya kai wa 'yan canji ya mayar sefa, ba ya bari naira ta kwana biyu a hannunsa.

Ranakun Asabar da yamma muna zaman horo. Yarinyar da ke jin Faransanci, wadda ta yi zaman koyon harshen a cibiyar da ke Badagry lokacin tana jami'a, ta koya mana gaisuwa da ƙirga. Dattijo kuma tarihi yake ba mu, amma da manufa. Ya ce a Disamban 1893 samari uku suka sauka a nan Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shiga ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Daga aikin wanda ya rage ƙungiyar mishan ta SIM ta tsaya, daga SIM ECWA ta fito, kuma tun 1948 ake da ƙungiyar tura masu bishara 'yan ƙasa, wadda yanzu ake kira EMS. Da ya kai nan sai ya ce, "To, su ba su da gidan sauro mai magani, ku kuna da shi. Wanda bai nuna mini nasa ba ranar Asabar mai zuwa, ya zauna gida."

Mahaifiyata ce ta fi wuyar shawo kai. Ta ji a rediyo ana kai hare-hare a arewacin Benin, kuma gaskiya ne, amma can ƙurya ne wajen dazuzzukan Pendjari da W, kan iyakar Burkina Faso da Nijar. Sai da Baba Fasto ya kira ta da kansa.

"Mama, ɗanki ba zai wuce Jugu ba, na ɗaukar miki alkawari."

"To, Baba Fasto, na bar shi a hannun Allah da hannunku. Amma ya riƙa kira."

Mun tashi a Janairun 2024, bayan hutun da Benin ta yi ranar 10 ga wata na addinin gargajiya na Vodun, domin mai bisharar ya ce kada mu iso a tarar da ofisoshi a rufe. Da asuba muka kama mota a Mile 2. Festac, Trade Fair, Iyana-Iba, Okokomaiko, Agbara, sai Badagry, inda aka fara wa'azin Kirista a 1842 ƙarƙashin bishiyar Agia. Mun wuce ta dai ba mu tsaya ba. Daga Badagry zuwa Seme tafiyar ba nisa, shingaye ne ke tsawaita ta. A sauka, a buɗe jaka, a hau, a ɗan gusa, a sake sauka. Dattijo ya hana kowa magana sai shi, kuma wasiƙar gayyatar nan ta yi mana rana fiye da yadda na zata.

Kafin ka kai ƙofar iyaka 'yan acaɓa za su yanyame ka, kowa na cewa zai zagaya da kai ta bayan gari ba sai an buga maka hatimi ba. Mai zuwa sayayya Kwatano ya dawo da yamma wataƙila ya sha da haka. Mai shiga cikin ƙasa kilomita ɗaruruwa ya kwana makonni, in aka tare shi a hanya ba hatimin shiga, ba shi da bakin magana. Mun bi ta ginin haɗin gwiwa na Seme-Krake da Buhari da Talon suka buɗe a Oktoban 2018: teburin lafiya a duba katin shawara, tagar Najeriya a buga fita, tagar Benin a buga shiga. Kowa ya duba kwanan watan da ke kan hatiminsa tun bai bar wurin ba.

'Yan canjin bakin iyaka kusan duk Hausawa ne. Na je sauya 'yan kuɗin aljihuna wajen wani dattijo mai ƙaramin tebur da kalkuleta, da alama Basakkwace. Ya ji Hausata, ya ga Littafi Mai Tsarki a bakin jakata, ya sake dubana.

"Samari, kai ɗan ina ne?"

"Malumfashi, Alhaji."

"Ikon Allah. To ina aka nufa?"

Da na ce Jugu, sai ya ajiye kalkuleta ya shiga ba ni shawara: in karɓi ƙananan kuɗi da sulalla, domin a ƙauye ba mai canjin jaka goma; in sayi layin waya a nan da takardata; in na isa kasuwar Jugu in nemi layin mahauta, duk abin da ya shige mini duhu za su warware da Hausa. Duka ukun sun yi amfani.

Kwatano muka kwana, a ɗakin baƙi na wata ikilisiya. Garin 'yan acaɓa ne masu riga ruwan ɗorawa, kuma ko'ina a bakin titi ga fetur a manyan kwalabe, wanda ake tsallakowa da shi daga Najeriya. Direban da ya ɗauke mu ya ce tun da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023 su ma suke ji a jikinsu. Washegari da sassafe muka hau doguwar bas ta arewa, tafiyar kilomita 450 da wani abu: Allada da abarbanta, Bohicon, Dassa da duwatsunta, Savalou inda kowa ke sauka sayen gari, Bassila. Kana tafiya iska tana bushewa, kurmi yana komawa daji irin namu, ga kaɗanya ga ɗorawa, ga tulin auduga a bakin gonaki. Muna isa Jugu leɓɓana suka fara tsagewa, na san na zo gida ta wata ƙofa.

Jugu garin Musulmi ne galibi, tsohon zango a kan hanyar fataken da ke tashi daga Kano da kanwa da fata da tufafi su je Gwanja su dawo da goro. Dendi ne harshen kasuwa, ga Yom, ga Lokpa, ga Fulani, Hausa kuma tana nan a bakin mahauta da dillalan shanu da 'yan tireda. Mai bisharar, wanda kowa ke kira Baba, ya zo tarbarmu da wata tsohuwar a-kori-kura ta aro. Siriri ne, furfura ta cinye kansa, Hausarsa ta gauraye da Dendi. Tun a mota ya karanta mana dokokinsa. Ba lasifika. Ba ɗaukar hoton yaro ko mara lafiya sai da izini. Ba raba alewa ko kuɗi. Ba yi wa saurayi alkawarin aiki a Legas. Ba gardamar addini da kowa, ko an tsokane ka. Ranar Juma'a da azahar a ajiye guduma.

Wani daga cikinmu ya ce, "Baba, to bisharar fa?"

Ya ce, "'Ya'yana, ku baƙi ne, gobe kuna Legas. Duk abin da kuka fasa a nan ni zan kwana ina tsince shi. Ku yi abin da na kira ku ku yi, sauran ku bar mini."

Kafin a kwance ko jaka ɗaya sai da muka je gaisuwa, da goro a ƙunshe, gidan mai gari sannan gidan liman. Limamin yana jin Hausa sarai, ya ce kakansa da ayari ya zo bai koma ba. Ya tambaye ni ko wutar da zan haɗa ta 'yan coci ce kaɗai. Kafin in buɗe baki Baba ya ce a'a, za a fito da soket a baranda, kowa ya zo ya sa cajin wayarsa. Na yi murmushi a gaban liman, amma cikina ya ɗuri ruwa, domin lissafin da na yi tun Legas bai san da wayoyin gari guda ba.

A daren na zauna da fitilar waya na sake awon lodi. Kayan dai an riga an saya a wani shago a Jugu bisa ƙayyadewar da na aiko: fanel huɗu, batir biyu masu shan ruwa, kwantrola da inbata. Da gangan ba mu ɗauko su daga Alaba ba, ko da yake can sun fi arha. Kuɗin fito a iyaka da haɗarin fashewa a bas za su cinye ribar, kuma in abu ya lalace gara a ce mai shagon yana nan kusa. Soket da filogi ma na can muka saya, masu zagayayyen ƙafa biyu irin na Faransa, ba masu ƙafa uku irin namu ba. Abin da tsarin zai ɗauka shi ne ƙwayaye a aji da ɗakin magani da ɗakin sujada, ƙaramin firji na magunguna, da ƙwai biyu da fanka ɗaya a gidan Baba. In aka ƙara cajin wayoyi, dole wani abu ya fita. Na kai masa takardar da safe na nuna masa. Ya ɗauki biro ya soke fankar gidansa. Matarsa tana tsaye tana kallo, ta ce dama ita ta san haka za a yi. Wanda ya san zafin Maris a wannan yanki ya san abin da suka bari. Na kuma ƙara wata ƙa'ida tawa: soket ɗin baranda da rana kaɗai zai yi aiki, lokacin da fanel ke ba da wuta kai tsaye, da magariba a kashe burkarsa.

Baba ya haɗa ni da samari biyu, ya ce in ban koya musu ba to ban yi komai ba. Ɗaya ɗan ikilisiya ne, Bayom, ɗayan Musulmi ne mai gyaran babur, shi ne ma ya fi saurin kamawa. Ba mu da harshe ɗaya sai guntun Hausar mai gyaran babur da hannu. Mun kafa fanel suna fuskantar kudu, a ɗan karkace don ruwa ya riƙa wanke su, maginin ya gina wa batir ɗan ɗaki mai tagogin iska. Aikin da zan gama ni kaɗai da wuri ya ja, domin kowace waya sai na sa sun ɗaura, na kwance, sun sake ɗaurawa.

Darasin da ya fi shiga kansu hunturu ne ya koyar. Bayan 'yan kwanaki da kafawa, da tsakar rana, na kira su gaban kwantrola na sa suka rubuta lambar da ke jiki. Na tura Bayom ɗin kan rufi da tsumma da bokitin ruwa. Yana gogewa, lambar tana hawa a idon mai gyaran babur, har ya buga ihu yana kiran ɗan'uwansa ya sauko ya gani. Daga ranar ban sake tuna musu goge fanel ba. Sauran ƙa'idodin da fenti muka zana su a bangon ɗakin batir, ba rubutu: hoton kwalbar ruwan batir da layin da ruwan zai tsaya, hoton dutsen guga da hita an soke su da jan fenti, da lamba 24 a cikin da'ira, ma'ana in mita ta sauko nan da dare a kashe komai sai firji. Irin wannan batir in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, ba ya shekara biyu.

Dokar dare sau ɗaya aka karya ta, kuma Baba ne ya karya. Ana gasar cin kofin Afirka a lokacin, ranar 18 ga Janairu Najeriya za ta kara da mai masauki, Kwaddibuwa. Benin ba ta samu zuwa ba, sai gari ya rabu biyu: masu 'yan'uwa a Abijan, da waɗanda suka taɓa ƙwadagon noma a jihar Oyo suka dawo da babur. Wani ya kawo talabijin da dikoda, aka shimfiɗa tabarmi a filin makaranta, har liman ya aiko da 'ya'yansa. Da Troost-Ekong ya ci fenaretin nan, ni rabin hankalina yana kan mita. An tashi 1-0, batir kuma bai kai jan layi ba.

Sauran 'yan tawagar kowa da nasa. Nas ta fi kowa shan aiki, daga safe har yamma zazzaɓi, gyambo, awon ciki, tana yi tare da matar da ke riƙe da ɗakin maganin, abin da ya fi ƙarfinsu su tura asibiti a Jugu. Malaman sun tarar yaran da Faransanci suke karatu, sai suka koma yin allunan lissafi da gyaran benci, suna koyar da waƙa da yamma. Ranar Lahadi masu sujada ba su cika ɗakin ba. Baba ya yi wa'azi da Dendi ana juyawa zuwa Yom, mu kuma aka ce mu yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi mu zauna. Ɗan'uwan da ya tambayi "bisharar fa" an ba shi ya yi gaisuwa, ya so ya zarce, Baba ya taɓa masa kafaɗa. Ya yi fushi har dare. Ni a ganina Baba ne da gaskiya: mutumin da ya binne matattun garin, ya kai matansu asibiti a kan babur da tsakar dare, shi ake saurara, ba wanda ya zo da sabuwar kwat ba.

Dawowa ba ta da labari, sai dai naira ta ƙara faɗuwa muna can, ragowar sefar aljihuna ta yi mini riba a Seme.

Aikin ƙarshe shi ne rahoto. Ana ba tawaga lokaci a sujada ta ba da shaida, sannan a zauna da kwamiti a baje rasit. A nan ne na ga abin da ya tsaya mini a rai: in aka haɗa abin da kowa ya kashe daga aljihunsa da na coci, fiye da rabi a kanmu ya ƙare, mota, takardu, allura, ci da sha. Kayan da muka bari a ƙauyen su ne ƙaramin kaso. Na ce wa kwamiti, da girmamawa, in za a sake, a tura mutum biyu ko uku da Baba ya ambata da sana'arsu, ragowar kuɗin a aika masa, ya fi mu sanin inda ke yi masa ƙaiƙayi.

Shugabar Zumuntar Mata ba ta bari na zauna ba.

"Ɗana, kafin ku je, wa ya san da shi a cocin nan? Shekara nawa yana can, ko gaisuwa mun taɓa aika masa? Yanzu da 'ya'yanmu bakwai suka dawo suna ba da labari a gidaje bakwai, ga shi mata sun yanke za su riƙa aika wa matarsa wani abu duk wata. Da kuɗi kawai aka tura, da an manta tun Fabrairu."

Ban da amsar wannan, kuma har yau ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Malaman nan biyu, da bakinsu, sun ce da sun san da Faransanci ake karatu da sun bar wa wani kafinta gurbinsu. Dattijo ya ce a rubuta duka maganganun biyu a littafin kwamiti.

Mai gyaran babur yana aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp. Da damina ta fara ya ce inbata tana kuka da dare. Na sa ya ɗauko mini hoton kan batir, muka ga ya yi tsatsa ya saki, ya kankare ya ɗaure da sifana, kukan ya tsaya. Abin da ba za a gyara ta waya ba shi ne ranar da batiran za su mutu, kuma za su mutu, ko an bi kowace ƙa'ida, cikin 'yan shekaru. Babu layinsu a kasafin kwamiti. Na kai maganar, an ɗage ta zuwa zama na gaba. Kafin nan ni da nas da magini muna ajiye ɗan abin da ya samu a hannun ma'aji duk ƙarshen wata, shi kuma yana mayar da shi sefa ranar Litinin.